Zaren Rosalind

A teburin karin kumallo na fara jin maganar, washegarin da jirgin ruwanmu na bikin kiɗa ya bar Miami. Wai Rosalind Penhallow ta daina kaɗa goge. Tana hawa dandamali, tana ɗora shi a kafaɗa, tana jan baka sama da ƙasa kamar gaske, amma in an zo wurin nan da muke kira Zare, ba abin da ke fita. Wai tun da aka yi mata aiki a wuyan hannu yatsunta suka mutu, shekara uku ke nan tana yaudarar jama'a. Wai kuma Alasdair, shugaban ƙungiyarsu ta makaɗa, Hasumiyar Gishiri, ya riga ya samo wata matashiya da za ta gaje ta da zarar an sauka daga jirgin nan.

Ni ban je wasan da suka yi ranar farko ba. Teku ya juya mini ciki, na kwanta da ɗan biskit da ruwan citta, mijina Leland ya tafi shi kaɗai. Ya dawo bai ce mini uffan ba, alhali mutum ne da yakan tashe ni daga barci don ya gaya mini an canja wa mai jita igiya. Sai da safe na gane dalili.

Mai ba da labarin Thaddeus Mulvaney ne, shugaban masoyan ƙungiyar a yankinmu, ko da yake ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. Ya cika farantinsa da ƙwai da soyayyen dankali da fanke, gemunsa ya sha zuma, yana magana yana nuna mu da cokali mai yatsu.

"A layin farko nake, ga Leland nan shaida. Ganga ta tsaya, jita ta tsaya, na rufe ido kamar kullum. Ina jira, ina jira. Ba komai sai gurnanin ogan, piyanon nan mai kauri. Na buɗe ido, sai na ga baiwar Allah tana ta jan baka a iska."

Na ce, "A iska ka gan shi, ko a kan tsirkiya?"

"Daga nesa ai duk ɗaya ne, Dakta."

"Yanzu ka ce a layin farko kake."

Sauran mazan suka yi dariya, amma na san ba bayana suke goyo ba.

"Ƙaurar Shamuwa" ita ce waƙar da ta cinye fuska guda ta faifansu na biyu, irin kiɗan rok ɗin nan namu mai dogon zango, wanda za a fara waƙa kafin ruwan shayi ya tafasa a gama ta bayan ya huce. Can wajen ƙarshenta komai yakan yi tsit, ogan kaɗai ke gurnani a ƙasa. Sai gogen Rosalind ya hau, ya yi ta hawa, har yatsanta ya kai ƙarshen katako, sautin ya sirance kamar silin gashi. Wannan ne Zare. Tun gashinmu yana baƙi al'adarmu ce in an zo wurin kowa ya rufe ido. Ba tafi, ba tari, ba ɗaukar hoto. Na taɓa ganin an kusa dukan wani a Philadelphia don ya buɗe ledar gyaɗa a lokacin.

Shekara arba'in na yi a asibiti ina auna jin mutane kafin in yi ritaya. Na bi mazan teburin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Dukansu sun haura saba'in. Dukansu sun yi rayuwarsu suna alfahari da cewa sun tsaya jikin lasifika har wandonsu na rawa. Ni kuwa da ƴan robobin toshe kunnena nake shiga kowane wasa, suna yi mini dariya, suna cewa na zo cin abinci da ƙyalle a baki.

Na ce, "Ba wanda ya yi tunanin ko kunnuwanku ne?"

Thaddeus ya ajiye cokalin a hankali.

"Dakta, kunnen da ya yi shekara hamsin yana sauraro ƙara kaifi yake yi, kowa ya san wannan. Ni da nake bambance wayar lasifika ta tagulla da ta azurfa ido a rufe? Kuma mu duka muka kurmance rana ɗaya? Mun ji ganga, mun ji jita. Ga shi yanzu ma ina jin ki, har fiye da yadda nake so."

"Eudora, bar shi," in ji Leland, yana juya kofinsa. "Ni ma ban ji ba. Na zaci ni kaɗai ne, sai da Thaddeus ya faɗa."

Haka kowannensu ya ce. Sai da Thaddeus ya faɗa.

Nan suka zayyana abin da suka shirya. Ranar ƙarshe, kafin mu koma Miami, akwai zaman tambaya da amsa da ƴan ƙungiyar. Thaddeus zai miƙe a gaban mutane ya tambaye ta. Daga nan su je wa masu shirya bikin su ce kada a ƙara gayyatar Hasumiyar Gishiri muddin tana ciki.

"Ba ƙiyayya ba ce," in ji shi. "Don darajar waƙar ne."

Na tashi na bar musu teburin ban gama ƙwaina ba. Mace ta yi shekara hamsin tana ba su abin da suke rufe ido saboda shi, dare ɗaya sun yanke mata hukunci a kan farantin fanke. Ba wanda ya ce a je a tambaye ta a keɓe. A gaban jama'a suke so, da makirufo.

Amma fushi ba hujja ba ne, kuma na daɗe da koyon kada in yarda da abin da ya yi mini daɗin yarda. Tsohuwa mai ɗinkin likita a wuyan hannu tana iya kasa kai wa wancan wurin, kuma tana iya jin kunyar faɗa. Na ga manyan makaɗa sun yi abin da ya fi haka muni. Kowace ƙungiya sau biyu take wasa a tafiyar, na biyun nasu kuwa a saman jirgi ne, gefen tafkin wanka, da la'asar. Zan je in saurara. Sai dai akwai matsala: nima shekarata saba'in da huɗu, kuma na san Zaren nan kamar sunana. Kwanyar mutum muguwar mai taimako ce. In ta san abin da ya kamata ya zo, sai ta kaɗa maka shi da kanta, ka rantse da kunne ka ji. Na sha ganin haka a ɗakin gwaji, mutum yana ɗaga hannu alhali na kashe na'urar. Kunnen da nake bukata shi ne wanda bai lalace ba, kuma bai san waƙar ba.

A jirgin da ya cika da mutum dubu biyu da suka haddace kowace waƙa, mutum ɗaya na sani mai irin wannan kunnen. Lorna ce, matar Thaddeus.

Na same ta inda take kullum, a kujerar kwanciya can ƙarshen jirgi inda kiɗa ba ya kaiwa, da faffaɗar hula da littafin soyayya mai kauri. Rana da abinci ne ke kawo ta kowace shekara, ba ta kuma ɓoye wa kowa.

"Lorna, kin san 'Ƙaurar Shamuwa'?"

"Wacce ce a ciki? Mai farawa kamar ana jan kujera, ko mai farawa kamar an taka kyanwa?"

"Mai jan kujera."

"Na san farkonta ta bango. Da ya ɗora faifan nake ɗaukar kwandona in shiga lambu. Tumatirina duk unguwa ba irinsa, ƙawata, kuma Hasumiyar Gishiri ce sila."

"Ba ki taɓa jin ƙarshenta ba?"

"Tana da ƙarshe?"

Na gaya mata abin da nake so, ban gaya mata abin da za ta ji ba. Ta zauna kusa da ni, in na taɓa gwiwarta ta saurara, bayan nan ta faɗa mini abin da ya shiga kunnenta. Ta kalle ni ta saman tabarau.

"Wannan maganar da tsohona yake ta yi ce, ta matar nan mai goge?"

"Ita ce."

"Ya hana ni barci da ita. Zan zo. Amma ki sani shekara arba'in na yi ina gudun rabin sa'ar nan, kuma ke za ki saya mini abin sha mai ƴar lema a kai."

Ranar da muka baro tsibirin Cozumel aka yi wasan. An rufe tafkin da katako an jera kujeru, iska tana ta wasa da furfurar mutane. Na samo mana wuri a tsakiya. Thaddeus da Leland da sauran suna gaba, jikin lasifika, hannaye a harɗe kamar alƙalai. Rosalind ta fito daga ƙarshe, ƴar ƙaramar mace cikin baƙar riga, gashinta fari tas an ɗaure shi ta baya, da baƙin ƙyalle a wuyan hannunta na hagu. Aka yi mata tafi, amma na ji inda tafin ya yi rauni. Maganar ta riga ta zaga jirgin.

Lorna ta daure kamar mai jiran a cire mata haƙori. Da mai ganga ya shiga nasa kiɗan shi kaɗai, ta raɗa mini cewa injin wankinta ya yi irin wannan kafin ya mutu. Da komai ya lafa, ogan ya rage shi kaɗai, na zare robobin kunnena na taɓa gwiwarta. Kowa ya rufe ido. Ni na bar nawa a buɗe, karo na farko a rayuwata.

Bakan yana kan tsirkiya. Na ga garin ƙaron da ake shafa masa yana tashi daga gare shi. Kuma na ji sautin, siriri, yana hawa. Ya kai inda na sani, ya juyo, ya ƙare. Amma hannun Rosalind bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya na ɗan lokaci, ni kuwa ban ji komai ba sai ogan da iska. Na ce a raina, to ko Thaddeus yana da rabin gaskiya.

Na juya na ga Lorna ta yamutsa fuska, ta sa ɗan yatsa a kunne ɗaya.

Da aka fara tafi na ce, "Me kika ji?"

"Sauro. Sauro mai ilimi." Ta kwaikwaya mini da muryarta, a ƙasa, tana zana shi da yatsa a iska: ya hau sau uku, ya ɗan sauko, ya sake hawa. Daidai yake, ba kuskure. "Sannan da na ce ya gama, sai ya ƙara hayewa can sama ya tsaya yana rawa. Wannan na ƙarshen har cikin haƙorina na ji shi."

A faifai ba wannan na ƙarshen. Rosalind ta ƙara wa Zaren tsawo, ta kai shi inda ko a ƙuruciyarta ba ta kai ba. Ni ce kunnena ya tsaya a hanya, duk da robobina na shekara hamsin. Ban ji daɗin sanin haka ba, amma ba don jin daɗi na zo ba.

Muka tarar da mazan a mashayar da ke bene na ƙasa, kowa da kofin giyarsa, an zauna zaman makoki.

"Kin gani da idonki, Dakta," in ji Thaddeus. "Shiru kamar maƙabarta."

"Matarka ta ji."

"Lorna? Lorna da ba ta san bambancin goge da zarto ba?"

"Zarto ya fi saurin gamawa," in ji Lorna, ta ja kujera. Ta sake kwaikwayon Zaren tana zana shi da yatsa. Na ga fuskar Leland ta canja, don ya san ba inda za ta samo shi.

Thaddeus ya buga tebur da tafin hannu.

"To ai shi ke nan, an kama su. Faifai suke sakawa ta baya, tana kwaikwayo."

"Ɗazu ka ce ba sauti. Yanzu ka ce akwai sauti amma na faifai ne. Faifan da kai ba ka ji ba. Ka zaɓi ɗaya, Shugaba."

"Ko wanne ne, yaudara ce."

Ana cikin haka agogon hannun Leland ya fara ƙara, ƙarar da ke tuna masa shan maganin hawan jini. Tsit, tsit, tsit. Lorna ta waiga tana neman inda take fitowa. Na ɗora yatsa a leɓena. Muka zauna mu biyu muna kallon maza shida suna gardama a kan kaifin kunnuwansu, wani yana ba da labarin yadda ya taɓa jin numfashin mai sarewa a wani tsohon faifai, agogo kuwa yana ta kuka a tsakiyar tebur, har ya gaji ya yi shiru don kansa.

Na ce, "Leland, agogonka ya gama kiranka."

Ya duba shi. "Ƙararrawar nan ai ta mutu tun bara."

"Ba ta mutu ba. Tun bara ni nake jin ta daga kicin in kawo maka maganin."

Wani ya yi dariya ya ce agogon zamani ba su da murya. Thaddeus ya ce kada a kawo maganar agogo cikin maganar fasaha. Leland bai yi dariya ba, amma da muka koma ɗaki ya ce mini shi dai ya san abin da ya sani, kuma ya riga ya yi wa Thaddeus alkawarin tsayawa tare da shi. Na ce masa ya tsaya, ƙafafunsa dai lafiyarsu lau.

Washegari na nemi Rosalind. Na same ta da hantsi a wani lungu na ɗakin shan shayi, ta tsoma hannunta na hagu cikin kwanon ruwan ɗumi, akwatin gogen a kan cinyarta. Ba ta barin sa a ɗaki saboda laimar teku. Na faɗi sunana da aikina, na gaya mata abin da ake shirya mata.

"Na ji, Madam Whitlock," ta ce. "Jirgi ne, ba gari ba. Jiya a lif, ina hawa bene, wani ya kama hannuna ya ce yana yi mini addu'a."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In bi su tebur tebur ina rantsuwa?" Ta ɗago hannun daga ruwa ta motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. "Bayan aikin nan likita ya ce in sauko da shi ƙasa, yadda kowa ke yi in ya tsufa, ba wanda zai lura. Na ƙi. Kowace safiya sai na jiƙa hannun nan, in yi ta maimaita wurin har azahar, don abin da bai fi tsawon shan kofin ruwa ba. Bara na ga yatsan ya saki, na ƙara masa hawa ɗaya. Na zaci wani zai zo ya ce, Rosalind, mene ne wannan sabon? Ba wanda ya zo."

"Ko Alasdair?"

"Alasdair ya zama mai kirki ƙwarai kwanan nan. Yana ɗaukar mini jaka." Ta mayar da hannun cikin ruwa. "Su tambaya. Zan zo da gogena."

Zaman tambaya da amsar da rana aka yi shi, a babban zauren da ke gaban jirgi, mai tagogi har ƙasa. Ya cika har da na tsaye. An jera wa ƴan ƙungiyar dogayen kujeru, kowa da makirufonsa. Aka fara da tambayoyin da ake yi kowace shekara: wace irin igiya, wane irin ogan, me ake nufi da baiti na uku. Sannan Thaddeus ya karɓi makirufo, Leland da sauran suka miƙe a bayansa.

Sai da ya yi mata kirari tukuna. Ya faɗi garuruwan da ya bi ta, ya faɗi yadda ya yi kuka a wasansu na farko da ya gani. Na san irin wannan yabon, wanda ake shafa wa mutum kafin a soke shi.

"Saboda wannan ƙaunar ce, Madam Penhallow, nake roƙon ki gaya mana gaskiya. Zaren nan, kina kaɗa shi, ko hannu kawai kike motsawa?"

Zauren ya ɗauki guna-guni. Rosalind ta ɗaga makirufonta, amma Alasdair ya riga ta. Dogo ne mai farar suma har kafaɗa, da murya mai taushi.

"Ɗan'uwa, zauna. Ba a yi wa mace irin wannan haka." Aka fara tafi. Ya ɗaga hannu. "Mun sani. Mun daɗe da sani, mu da muke tsaye kusa da ita. Ba mu ce komai ba don ta cancanci ta sauka da mutuncinta, kuma mun riga mun shirya yadda za ta huta bayan tafiyar nan. Ku bar ta ta gama cikin girma."

Da ya tsaya a kan cewa Thaddeus ya zauna, da na yafe masa komai. Rosalind ta juya gaba ɗaya a kan kujerarta.

"Kun san me, Alasdair?"

"Roz, ba a nan ba."

"A nan ka fara. Kun san me?"

"Tun da kika dawo daga asibiti ba na jin ki a Zare. Ni da mai ogan mun yi magana, shi ma haka. Muka ce mu rufa miki asiri."

Ta ajiye makirufonta. Sannan ta sauka daga kujerar, ta buɗe akwatin, ta ciro gogen, ba waya a jikinsa, ta matsa gaban dandamali nesa da kowane makirufo.

Na san abin da zai faru in ta kaɗa haka kawai. Rabin zauren za su ji, rabi ba za su ji ba, kuma waɗanda ba su ji ba su ne masu manyan muryoyi. Na miƙe. Ban nemi makirufo ba, shekara arba'in ina magana da kurame.

"Madam Penhallow, dakata. Jama'a, kowa ya rufe ido, ai kun saba. In ka ji goge ka ɗaga hannu, in ya tsaya ka sauke. Ita kuma ta fara lokacin da ta ga dama, ta tsaya lokacin da ta ga dama, ta kaɗa saman Zaren kaɗai. Shugaba, kai da Alasdair ku bar idonku a buɗe. Ku kalli bakanta, ku kalli hannayen mutane."

"Wace ce wannan?" wani ya tambaya daga baya.

"Likitar kunne ce," in ji Lorna. "Rufe idonka."

Suka rufe. Aka yi tsit, sai ƙugin injin jirgi a ƙarƙashin ƙafa. Rosalind ta jira har mutane suka fara motsi, sannan ta ɗora bakan.

Hannaye suka tashi lokaci guda, kamar an ja su da igiya ɗaya. Yawanci na mata ne, matan da aka jawo tafiyar, da na ƴan tsirarun matasa, da na wasu mazan nan da can. Ta ɗage bakan, suka sauka. Ta ja shi a iska ba tare da ya taɓa tsirkiya ba, ba hannun da ya motsa. Ta sake ɗorawa, suka tashi. A layukan gaba, inda masu gemu da tsofaffin rigunan ƙungiyar suke, hannu biyu ko uku ne kawai. Thaddeus yana tsaye da makirufo a hannu yana kallon hannun matarsa yana hawa da sauka tare da bakan. Alasdair ya matso har ya kusa taɓa kafaɗarta, ya karkata kai, ya juya ɗaya kunnen.

Ta hau na ƙarshen, sabon. Rabin hannayen suka sauka, nima sautin ya ɓace mini. Na Lorna da wasu suna sama har ta sauke gogen daga kafaɗa.

Leland yana tsaye a inda yake, idonsa a rufe tamau, hannayensa biyu a gefensa, fuskarsa a ɗage kamar yadda yake yi tun muna saurayi da budurwa.

"Eudora," ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba. "Ta fara?"

Ba wanda ya yi dariya. Na kama hannunsa na zaunar da shi.

Thaddeus ya ce wani abu game da ƙugin inji da yadda aka gina zauren, amma wanda ke riƙe da na'ura ya riga ya kashe masa makirufo. Alasdair ya ce, "Roz, ki yi haƙuri. A manta da maganar hutu. Wurinki yana nan."

Tana goge tsirkiyar da ƙyalle, ba ta ɗago ba.

"Shekara uku kana tsaye kusa da ni kana tausaya mini. Ka nemi wata, ka yi shawara da mai ogan, ka ɗaukar mini jaka. Ba ka taɓa tambayata ba."

Ta rufe akwatin ta bi ta tsakiyar zauren ta fita. A Miami ƴan ƙungiyar suka shiga motarsu, ita ta tsaya a layin tasi tare da mu, kuma ba ta ƙara hawa dandamali da Hasumiyar Gishiri ba.

Hannun Rosalind Penhallow lafiyarsa lau. Ta kaɗa Zaren a kowane wasa cikin shekarun nan uku, ba faifai, har ta ƙara masa tsawo. Waɗanda suka zarge ta da waɗanda suka rufa mata asiri ne suka daina jin sa.